Daga Foti Zuwa Silikon: Yadda Jira Ya Sauya Kama a Bukuru

Mai son sanin shekarun gida a Bukuru ba sai ya nemi takardar fili ba, tagogi kaɗai sun isa su ba shi labari. Akwai tsofaffin gidajen ma'aikatan kamfanonin kuza, masu tagogin ƙarfe da aka yanka gida-gida, kowane ɗan gilashi an kewaye shi da foti wanda yau duk ya tsattsage. Akwai waɗanda suka biyo bayansu, masu luba, gilasai jere-jere da ake buɗewa da ɗan hannun ƙarfe. Sai na yanzu, masu tagar alminiyam da ake turawa gefe, an zagaye firam ɗinta da wani farin layi mai danƙo. Wannan farin layin shi ne silikon. Bai wani daɗe da zama ruwan dare a hannun masu aikinmu ba, amma ya riga ya sauya yadda ake yin aikin, da yadda ake biyan kuɗinsa, har da yadda ake jiran sa ya kama.

Toshe kafar ruwa da iska ba abin wasa ba ne a garin nan. Bukuru na kan tudu, sama da mita 1,200 bisa matakin teku, kimanin kilomita 15 kudu da Jos. Ruwan shekara kan kai wajen milimita 1,400, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ba a tsaye yake sauka ba. Iska ke koro shi ya doki taga a karkace, wani lokaci har da ƙanƙara. In damina ta ɗauke kuma hunturu ya sauko, a Disamba da Janairu sanyin dare kan faɗi zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka, ƙura na neman duk wata 'yar kafa ta shiga ɗaki. Tagar da ba ta toshu ba, mai ita na shan wahalarta sau biyu a shekara.

Kuza ce ta tara mutane a wannan yanki na ƙasar Berom. Turawan kamfanin Neja sun iso tudun a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, sannan a 1939 aka haɗe wasu kamfanonin haƙa aka samu ATMN, babban cikinsu. Hausawa daga Kano, Zariya, Katsina, Bauchi da Sakkwato suka yi ta kwararowa, wasu leburanci, wasu fatauci, wasu kuma da sana'arsu a hannu: magina, kafintoci, maƙera.

Maginan nan sun zo da ilimin da suka gada na kare gini daga ruwa. Sun san makuba, wadda ake samu daga kwasfar 'ya'yan ɗorawa a yi yaɓe da ita. Sun san laso, haɗin katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Duk waɗannan rana suke so da busasshiyar iska, shi ya sa gini da yaɓe aikin rani ne, kowa ya san ba a tayar da katanga cikin marka. Ruwan tudun nan ya fi ƙarfin rufin soro irin na Kano, don haka kwano ya samu karɓuwa da wuri. In ya fara yoyo a bakin ƙusa, sai a narka kwalta a gwangwani, a tsoma tsumma a liƙa. Ita ma rana ake nema mata, kwano ya bushe ƙayau, ya ɗau zafi.

Gilashi ya shigo ta gidajen Turawa da ofisoshin kamfani, a jikin tagogin ƙarfe irin waɗanda kamfanin Crittall na Ingila ya yi suna da su. Tare da shi foti ya zo. Haɗinsa ba wani abin ɓoyo ba ne: garin alli ne mai laushi da man linsid, wanda ake tatsa daga irin wata shuka ta ƙasashen sanyi. Amma sa shi sana'a ce mai zaman kanta. Mai aikin zai gutsuro curi daga gwangwani, ya yi ta murza shi a tafin hannu har ya yi ɗumi ya saki jiki, warin mai ya cika wurin. In ya yi tauri da yawa ya ɗiga masa mai, in ya cika danƙo ya barbaɗa alli. Sai ya shimfiɗa siriri a cikin firam, ya ɗora gilashi ya danna gefe-gefe a hankali, ya maƙale shi da 'yan wayoyin ƙarfe, sannan ya bi da babban yatsa yana cusa fotin waje. Daga ƙarshe ya ɗauki wuƙarsa mai faɗin baki, ya ja ta sau ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, foti ya kwanta a gangare yadda ruwa zai zame ya wuce. A wannan ja ɗayan ake gane gwani.

Daga nan sai jira. Foti ba ya sauri, domin man da ke cikinsa sai ya sha iska sannu a hankali kafin ya daskare. Mako ɗaya zuwa uku yake ɗauka kafin samansa ya yi fatar da za ta karɓi fenti, cikinsa kuwa sai ya yi watanni bai gama tauri ba. Yaran unguwa sun fi kowa sanin haka. Da mai aiki ya juya baya sai a lallaɓo a danna yatsa, wani ma ya ɓanɓaro ya mulmula ya yi abin wasa. Har yau in ka duba wasu tsofaffin tagogi da kyau za ka ga shatar ɗan yatsa a ƙarƙashin fenti, mai yatsan wataƙila yanzu yana da jikoki.

Abin lura a nan shi ne ba wanda foti ya yaudara. Mai gida na ganinsa da laushi, yana taɓa shi yana lotsawa, ya san aiki bai ƙare ba. Kuma tunda fotin da ba a yi wa fenti ba tsagewa yake yi, dole mai aiki ya dawo. Sau da yawa a ranar fentin ake ba shi cikon kuɗinsa. In ya dawo kuwa ba goga fenti kaɗai zai yi ba: zai ga inda foti ya zame, inda gilashi ke motsi, inda yara suka yi ɓarna, ya gyara kafin mai gida ya yi magana. Aiki ɗaya, zuwa biyu.

Luba ta rage wa foti kasuwa, domin ita gilasanta zura su ake yi cikin ƙarfe, ba a bukatar liƙi. Ta yi araha, ta ba da iska, amma a Bukuru ta bar mutane da cusa tsumma da tsofaffin jaridu a tsakanin gilasai duk hunturu. Ana cikin haka harkar kuza ta yi ta ja da baya, har kasuwarta ta duniya ta rushe a Oktoban 1985. Kamfanoni suka watse, aka bar gari da tafkunan haƙa da tudun yashi, gidajen kamfani suka shiga wasu hannaye, tsofaffin masu foti suka ƙare ba magada. Da tagar alminiyam ta bayyana, ta tarar da fili a share. Bayan rikicin Janairun 2010, wanda ya ci gidaje da shaguna da yawa a Bukuru, cikin waɗanda Allah ya hore wa sake gini da wuya ka ga wanda ya koma wa foti.

Ko da ma an so komawa, foti ba zai riƙe alminiyam ba. Kowane ƙarfe na miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, amma alminiyam ya kusan ninka baƙin ƙarfe a wannan hali, ya kuma fi gilashi sau biyu da rabi. Sandar alminiyam mai tsawon mita 2, in zafin jikinta ya ƙaru da digiri 30 tsakanin asuba da azahar, tana ƙara tsawon da ya kusan milimita ɗaya da rabi. A ido ba komai ba ne, amma kullum ne, safe da yamma. Abin da ya ƙanƙare ya yi tauri tsagewa zai yi. Ana bukatar abin da zai miƙe tare da ƙarfen ya dawo tare da shi, kuma silikon mai kyau na jure a ja shi ko a matse shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa ba tare da ya saki ba.

Asalinsa daga yashi ne, domin a cikin yashi ake fitar da sinadarin da ake gina shi a kai. Frederick Kipping, masanin haɗa sinadarai a Nottingham ta Ingila, shi ya share shekaru yana bincike a kan wannan dangi tun farkon ƙarni na 20. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanyar sarrafa shi da yawa, aka kafa kamfanin Dow Corning a 1943, kuma wajen 1960 aka fara amfani da wanda ake matsowa daga roba ɗaya a aikin gini. Ɗan Bukuru na da abin da zai ɗaga kai a wannan labari. A nau'o'in silikon da yawa, abin da ke zaburar da shi ya kama wani ɗan sinadari ne da aka haɗa da kuza. Shi kansa gilashin, tun da kamfanin Pilkington ya bayyana sabuwar hanyarsa a 1959, a kan narkakkiyar kuza ake malala shi don ya fito sumul. Ma'adinin da kakanni suka wanke a kwarurrukan yankin nan bai fita daga jikin taga ba, sai dai yanzu da kuɗinmu muke sayen sarrafaffensa a kasuwar Building Materials da ke kan hanyar Jos.

Inda aka samu tangarɗa shi ne mun karɓi sabon kaya da tsohon tunani. Duk abin da magini ya gada, daga laka zuwa makuba zuwa fenti, ruwa ko mai ne ke barin jikinsa, ko iska ta busar da shi. Silikon ya saɓa. Danshin iska yake jira. Muddin yana cikin robarsa a rufe, zai yi watanni da laushinsa. Da an matso shi, laimar da ke cikin iska ta taɓa shi, sai ƙwayoyinsa su fara sarƙewa da juna har ya zama roba. Warin nan mai yaji irin na ruwan khal da ke cika banɗaki in ana aiki, shi ne abin da ke fita yayin da danshi ke shiga.

Tunda daga iska danshin ke zuwa, daga waje yake fara kamawa ya gangara ciki. Tamkar yanar da kunu ke yi ne in an bar shi a kwano: sama ta kama, ƙasa na nan ruwa. Cikin minti 10 zuwa 20 saman silikon ya yi fata, bayan awa ɗaya ka taɓa shi ba zai bi yatsanka ba. Amma a ma'aunin da masu yin sa ke bayarwa, wato zafi digiri 23 da danshin iska kashi 50 cikin ɗari, milimita 2 zuwa 3 kacal yake kamawa cikin awa 24. Kuma tafiyar ba daidai take ba, domin fatar da ta kama ita ke rage wa danshi hanyar shiga. In kauri ya ninka, jira kan kusan ninka sau huɗu. Siririn layi a gefen sinki, kwana ɗaya ya ishe shi. Mai kaurin milimita 6 sai ya yi kwanaki. Wanda aka cusa a rami mai zurfin milimita 10 ko 12 zai iya shafe mako ko fiye, shi ya sa masu yin sa ba sa so a wuce wannan zurfi. Ƙarfin riƙonsa na ƙarshe kuwa kan cika ne tsakanin mako ɗaya zuwa uku, kusan adadin da foti ke nema kafin fenti. Ashe jiran bai tafi ko'ina ba, ɓuya ya yi.

Nan ne hunturun Bukuru ke shigowa. Watannin da kakanni suka zaɓa don gini, su ne silikon ya fi nawa a cikinsu. Iska a bushe, danshinta da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, dare kuma sanyi, shi kuwa sanyi rage masa sauri yake yi. Abin da zai kama a kwana ɗaya cikin Agusta sai ya nemi biyu ko uku cikin Janairu. Ga ƙura, wadda in ta kwanta a firam ba a goge ba, silikon zai kama ƙurar ne ba ƙarfen ba. Damina kuma da nata sharaɗin: iskarta na sa shi saurin kamawa, amma wurin da za a sa shi dole ya kasance a bushe. Danshi a iska yake so, ba a jikin bango ba.

Mai aikin da ya ƙware ya san wannan ko bai taɓa karanta jikin roba ba, domin bakin bindigar da yake matso silikon da ita na koya masa kullum. Da yamma an tashi daga aiki, a bar ragowar silikon a cikin tsinin robar. Da safe yaron shago ya sa ƙusa ya zaƙulo toshiyar da ta kama a baki, 'yar guntuwa mai siffar tsinin, bayanta kuma ɗanye na nan yadda aka bar shi. Tsawon wannan 'yar toshiya shi ne iya abin da dare ɗaya ya kama. Wasu kan matsa ɗan curi a kan kwali su ajiye kusa da aikin, washegari su yanka shi da reza su duba cikinsa. In tsakiya na nan da laushi, na jikin taga ma haka yake. Cikin hunturu, in aikin cikin ɗaki ne, ajiye bokitin ruwa ko rataye jiƙaƙƙen tawul ya fi kunna fanka amfani.

Sai dai sanin mai aiki ba ya isa in mai gida bai yarda ba. Zancen da ake yi a ƙofar sabon banɗaki kusan iri ɗaya ne ko'ina.

"Malam, an gama ke nan? Yau za mu fara shiga?"

"Alhaji, a yi haƙuri a ba shi zuwa jibi. Sanyi ake yi."

"Haba Malam, yanzu na taɓa shi, ya bushe sarai."

Daga nan mai aiki ya yi shiru, don kuɗinsa yake jira, kuma wani aikin na jiransa a unguwar Rayfield. Da magariba a sakar wa wurin ruwan zafi, a bi da tsintsiya. Fatar sama ta motsa a kan ɗanyen ciki, gefe ya ɗaga ba wanda ya gani. Bayan 'yan watanni ruwa ya bi ta ƙarƙashi, bango ya fara kumbura, a ce kayan yanzu ba su da aminci. Sauri ya haifi nawa.

Ba a ce kayan ba su da nasu laifin ba. Akwai mai araha da aka sirka da mai, wanda in ya kwana biyu sai ya tsuke ya ja da baya daga gefe. Akwai wanda ya daɗe a shago, domin yawancinsu shekara guda ce wa'adinsu, kuma wanda ya wuce lokaci kan ƙi kamawa ko da an yi mako ana jira. Akwai kuma zaɓen da bai dace ba. Mai warin khal ya fi araha, ya fi saurin yin fata, yana kama gilashi da tayil da kyau, amma tsaminsa na cin kwanon rufi da tagulla, yana ɓata bayan madubi, kuma ba ya jituwa da siminti. Tsakanin firam da bangon filasta, marar tsami ake so, wanda warinsa ba shi da ƙarfi, ko da yake ya fi tsada kuma ya ɗan fi nawa. Abu biyu kuma da foti ya saba mana da su silikon ba ya yarda da su: fenti ba ya zama a jikinsa, kuma ba a yi masa ciko a kan tsoho. In ya lalace sai an kankare shi tas, an goge wurin, an sake sabo.

Makanikai ma sun shiga sahu. Da can in gasket ta lalace, kwalin gasket ake samu a ɗora a kan bakin ƙarfen, a bi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa har siffar ta fito. Yanzu jan silikon ake matsawa, a ɗaure ƙusoshi, a zuba mai, a tayar da mota nan take domin direba na jiran lodi. Alhali galibin robobinsa awa 24 aka rubuta a jikinsu, kuma rarar da aka matse ta faɗa cikin inji na iya toshe hanyar mai.

Ba kukan a dawo da foti ake yi ba. Silikon ya fi shi jure rana da ruwa nesa ba kusa ba, in an sa shi daidai sai ya yi shekara 20 bai tsage ba, kuma ya raba yara da cusa jarida a taga. Abin da ya salwanta a tsakani shi ne zuwa na biyu. Foti kan tilasta wa mai aiki ya dawo ya ga aikinsa bayan ya kwana, ya tilasta wa mai gida ya jira, yaron shago kuma a wannan komowar yake koyon abin da ba a koya a ranar farko. Silikon bai tilasta wa kowa komai ba. A yini ɗaya an auna, an ɗaura, an liƙe, an biya, an rabu. Tagar da aka sa a Janairu ba mai gwada ta sai ruwan farko na Afrilu, lokacin mai aikin ya manta gidan.

Abin da kaya suka daina tilastawa, yarjejeniya na iya dawo da shi. Mai gida ya tambayi irin silikon da za a sa masa, ya duba kwanan watan da ke jikin robar, ya yarda da kwanakin da aka ɗibar masa ko da yatsansa ya gaya masa wani abu dabam. Mai aiki kuma ya sa komowa cikin farashinsa tun wurin ciniki: bayan mako guda ya dawo, a watsa wa tagar ruwa da bokiti a gaban mai gida, a shiga ciki a duba. In ba ɗigo, a ba shi cikon kuɗinsa.